Tambaya da Amsa: Ƙara swap zai ƙara min RAM?

Tambaya: Malam, laftof ɗina RAM ɗinta giga 4 ne, Ubuntu nake amfani da shi. Da na buɗe shafuka da yawa a Firefox sai ta sandare. An ce in ƙara swap. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, swap ba RAM ba ne, wani fili ne a kan faifai. Idan RAM ta cika, kernel ɗin Linux, wato ƙashin bayan tsarin da Ubuntu ke gudana a kai, yakan kwashe gutsattsarin bayanan cikin RAM (su ma shafuka ake kiransu) da ba a taɓa su ba kwanan nan, yawanci kilobayit 4 kowanne, ya kai su can. Faifai kuwa ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba, balle tsohon mai juyawa. Sandarewar da kake gani galibi wannan kai-komon ne.

Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta free -h, ka ga abin da ya rage na RAM da swap. Idan swap ɗin ma ya ƙare, kernel zai kashe wata manhaja don ya tsira, to nan ƙarin zai taimaka.

Ni dai na fi son zram, wanda ke matse shafukan a cikin RAM ɗin kanta. Kada ka taɓa vm.swappiness, saitin da ke ƙayyade yawan amfani da swap, tukuna, bar shi a 60 ɗinsa. In aljihu ya yarda, sayi ƙarin giga 4.