Ba likita labarin yadda na taso a gida: cin naman iyaye ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Shekarata 24. Tun da na balaga ban taɓa zama da mahaifina mun yi hira ba, sai umarni da faɗa, mahaifiyata kuma ba ta cika saurarena ba. Yanzu ina fama da fargaba, ba na iya sakin jiki da kowa, kullum gani nake za a guje ni. Likitar ƙwaƙwalwa da nake gani ta ce in ba ta labarin tasowata. Idan na faɗa, na ci naman iyayena?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, ki ba ta labarin, babu zunubi a kanki.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Hindu 'yar Utba ta zo wa Manzon Allah (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Ta ambaci aibinsa a bayan idonsa, amma Annabi bai tsawata mata ba, sai ya ba ta mafita. Da irin wannan hadisi Imam Nawawi ya kafa hujja lokacin da ya ƙirga wurare 6 da giba take halatta, har da neman fatawa. Neman magani ɗan'uwan neman fatawa ne a nan, domin likita ba ya warkar da ciwon da aka ɓoye masa. Sharaɗin shi ne niyyarki ta zama neman waraka, ki faɗi gaskiya ba ƙari, iya abin da ake buƙata, ga mai riƙe amana. Ɗaukar maganar zuwa ƙawaye ko Facebook don huce haushi, wannan kam giba ce.

Tambayar likitar ba shisshigi ba ce. Tun bayan aikin John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa na Ingila wanda ya fitar da juzu'in farko na bincikensa kan shaƙuwa a 1969, masana suka yi ta lura cewa yaron da ya san yana da wurin gudu idan ya tsorata yakan girma da natsuwa da yarda da mutane. Shekarun balaga sun fi ruɗin iyaye: yaro yana ja da baya, sai a ɗauka ya daina buƙatarsu, alhali a lokacin ne yake leƙowa ya ga ko ƙofa tana buɗe. Sai dai wannan ba hukuncin ƙarshe ba ne a kanki. Masanan nan sun ga cewa magani da zama da mutanen kirki suna gyara abin da ya karkace.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu iyaye suke ɗaukar ɗaure fuska a matsayin tarbiyya. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce: "Wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba." Ki duba Annabi Yusuf: da ya yi mafarki, mahaifinsa ya nufa ya ce "Ya babana". Ɗa ba ya kai mafarkinsa ga uban da yake tsoro. Jin zafin rashin wannan kusanci ba raunin imani ba ne.

Biyayya ga iyayenki tana nan wajibi. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta yi umarni da kyautata zama da iyaye ko da suna kira zuwa shirka, balle naki da suka gaza ta fuska ɗaya, wataƙila su ma haka aka rene su. Ɗacin da ke zuciyarki ba a kama ki da shi matuƙar bai koma baƙar magana ko yanke zumunci ba. Ki ci gaba da ganin likita, ki riƙe addu'a, ki fara da mahaifinki daga ƙarami: gaisuwa mai ɗan tsawo, ko neman shawararsa a kan wani al'amari naki.

Wallahu a'alam.