Amsa: Tattalin arziki ke sauya al'umma ko aƙida?

Malam, ka tambaya ko neman abin duniya ne ke sauya al'umma ko aƙida. Masana ma sun rabu a kai. Karl Marx ya ce hanyar neman abinci ce tushe, sauran biyo ta suke yi. Dubi Kano: layin dogo ya iso a 1911, Turawa na sa ran auduga, manoma suka rungumi gyaɗa, fataucin Sahara ya ƙarasa durƙushewa, Sabon Gari ta cika da baƙin kudu.

Max Weber kuwa ya ce aƙida ma tana jan ragama. A jihadin 1804 ni dai gefensa nake; nauyin jangali ya taimaka, amma wa'azin Shehu ne ya tara jama'a a Degel.