Amsa kan ɗan bututun da aka turo hotonsa

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Ƙanena, na ga hoton abin da ka tsinta a akwatin marigayi Kaka, Allah Ya jiƙansa, kana tambaya ko lofe ne. A'a, ba lofe ba ne. Lofe yana da ɗan kasko da ake dura taba a ciki. Wannan mariƙin sigari ne. Duba bakin nan mai faɗi, nan ake soka karan sigari, siririn gefen kuma shi ake sawa a baki.

Abin Turawa ne, an yi yayinsa sosai daga wajen 1910 har zuwa farkon shekarun 1970. Dalili kuwa, sigarin da can ba shi da audugar nan ta gindi, sai a shekarun 1950 ta yaɗu. To mutum yana zuƙa, garin taba na shiga masa baki, takarda na manne wa leɓe, yatsu su yi jawur. Matansu kuma suna sa safar hannu fara da hula mai faɗi, ga toka tana zubowa a kan sutura, ga hayaƙi yana shiga ido. Shi ya sa nasu yake da tsawo, wani har santimita 50, na zuwa biki. Na maza gajere ne, irin naka. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ma da shi aka san shi a hotuna.

Sai maganar da Yaya ya yi, wai yana tace gubar. Yaya, ka yi haƙuri, wallahi wannan ce ta sa na ɗauki waya. Eh, akwai masu ɗan mataci a ciki, in ka buɗe za ka ga baƙin danƙo ya taru. Amma hayaƙin da ya wuce, huhu ya nufa, da nikotin ɗinsa da komai. Yatsa da riga yake karewa, ba ƙirji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Akwai yara a gidan nan suna jinmu, kada wani ya ɗauka an samu dabara.

Batun sayarwa kuma, kai shi Kasuwar Kurmi wajen masu kayan da, su duba maka ko roba ce, ko ƙaho, ko azurfa. In ya zama hauren giwa ne, ka bar shi a gida, don tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ka wanke cikinsa kafin ka mayar akwati, warin ba ya fita da wuri.