Amsa: Asalin 'yan kwana-kwana a garuruwanmu

Malam, ka tambaya ko tun asali 'yan kwana-kwanan Kafanchan da Zariya zaman kansu suke yi. A'a, ba haka ba ne. A zamanin Turawa, aikin kashe gobara a Najeriya ya faro ne a Legas ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 doka ta kafa hukumar tarayya. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, sannu a hankali kowace jiha ta ɗauki nauyin tata, shi ya sa ofisoshin garuruwanmu ke karɓar umarni daga hedikwata a Kaduna.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Da hunturu, idan wuta ta kama rumfunan kasuwa, tankin mota kan ƙare kafin a ci ƙarfinta, ga kuma hanyar shiga cunkushe da teburan 'yan tireda.