Dokar aiki a saman gini: ɗaya ce a ko'ina?

Malam, ka tambaya ko dokar kare magina ɗaya ce a kowace ƙasa. A'a. A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata, wato OSHA, ta wajabta kariya daga faɗowa idan tsayi ya kai ƙafa 6, a kan sikafol (dandamalin da magina ke hawa su yi aiki) kuwa idan ya wuce ƙafa 10. Dokar Birtaniya ta 2005 ba ta yanka tsayi ba: duk inda faɗuwa za ta raunata mutum, wajibi ne a tanadi kariya, sikafol kuma a duba shi duk kwana 7. Igiyar tsaro ma, in tsawonta ya fi tazarar da ke tsakanin magini da ƙasa, ado ce kawai. Saudiyya kuwa ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.