Motsa jiki da lafiyar zuciya ga mai raunin laka

Tambaya: Shekara huɗu ke nan da na samu raunin laka a haɗarin mota, daidai gaɓar T4 (gaɓa ta huɗu ta ƙashin baya a saitin ƙirji), kuma da keken guragu nake yawo. Likita ya ce kitsen jinina ya hau. Shin tura keken da nake yi kullum bai wadatar ba?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Malam. Tura keke na zirga-zirgar yau da kullum ba kasafai yake wadatarwa ba, domin 'yan mintuna ne a tsaya, alhali zuciya aiki mai ɗorewa take buƙata. Bayan raunin laka, manyan tsokokin cinya, waɗanda suka fi ƙone sukari da kitse, sukan motse, sai tumbi ya taru, kitse mai amfani na HDL ya ragu. Wannan ne ya sa ciwon zuciya yake cikin manyan abubuwan da ke zama ajalin waɗanda suka daɗe da irin wannan rauni.

Ƙa'idar da masana na ƙasa da ƙasa suka fitar a 2018 ta nemi aƙalla minti 30, sau uku a mako, na atisayen da ke sa haki, kamar juya keken hannu ko iyo. A haɗa da ɗaga nauyi sau biyu a mako, musamman na tsokar bayan kafaɗa, domin kafaɗarka ita ce ƙafarka yanzu.

Inda na fi so ka kula shi ne ma'aunin ƙarfin atisayen. Tunda rauninka yana sama da T6 (gaɓa ta shida a saitin ƙirji), bugun zuciyarka zai iya tsayawa wajen 120 zuwa 130 a minti komai ƙoƙarinka, saboda saƙon da ke hanzarta ta ya raunana. Don haka numfashi za ka duba: ka kai inda za ka iya magana a gutsure, amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Ka zubar da fitsari kafin ka fara, ka guji zafi, tunda jikinka ba ya gumi sosai ƙasa da raunin. Idan kai ya sara maka kwatsam, fuska ta yi gumi, hanci ya toshe, to jini ne ya hau: ka dakata, ka zauna a miƙe, ka sassauta tufafi, ka duba ko robar fitsari ta lanƙwashe, in bai lafa ba a garzaya asibiti. Kafin komai, likita ya gwada zuciyarka, domin mai rauni a wannan gaɓa yana iya samun matsalar zuciya ba tare da ya ji ciwon ƙirji ba.