Tambaya da Amsa: Wai da gaske mutanen Suwidin ba sa ba ɗan maƙwabta abinci?

Tambaya: Anti barka da aiki. Na ga ana ta cece-kuce wai a Suwidin in yaro ya je wasa gidan abokinsa lokacin cin abinci ya yi, sai a bar shi a ɗaki su je su ci nasu. Don Allah gaskiya ne? Kuma haka suke tun asali? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar uwa akwai ƙamshin gaskiya. A 2022 maganar ta tashi a Twitter, kuma da yawa daga mutanen Suwidin sun ce eh an yi musu haka suna yara wajejen 1970 zuwa 1990, amma ba kowane gida ba, yanzu kuma abin ya ja baya sosai. Mu da muke cewa baƙonka annabinka dole abin ya mana banbaraƙwai, sai dai ni ban ɗauke shi rowa ba.

Ƙasar nan fa ta sha wuya, yunwar 1867 zuwa 1869 har ɓawon itace ake niƙawa a haɗa a garin burodi, kuma sama da mutum miliyan ɗaya suka yi ƙaura Amurka tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20. Cimarsu dankalin Turawa ce da kifi mai gishiri da kunu, ran Alhamis miyar wake, komai a lissafe ake dafawa. Wanda ya tashi a haka ba ya son a ɗora masa nauyi, in ka ciyar da ɗansa gani yake ka bi shi bashi, ga shi kuma uwar yaron ta riga ta ɗora tukunya tana jiransa ƙarfe biyar ko shida, in ya ƙoshi a wani gida an ɓata mata shiri kenan.

Daga 1946 gwamnati ta fara tallafa wa abincin makaranta, yau kowane ɗan firamare kyauta yake cin na rana. Mata suka fita aiki sosai a shekarun 1970, a 1974 aka ba uba ma damar hutun reno, maza suka shiga kicin. To da rana kowa a waje yake ci, na dare ne kaɗai ke haɗa iyali, shi ya sa suke ji da shi haka.

Baƙi 'yan ci-rani suka kawo fiza da kebab, tun shekarun 1990 kuma daren Juma'a taco, wani abincin Meziko, ake ci a gaban talabijin. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne kusan gida 4 cikin 10 mutum ɗaya ne a ciki, shi kaɗai yake girki ya ci.

In kin je musu baƙunta dai kofi da burodin kirfa ba za ki rasa ba, fika suke ce masa.